Foolhardy: tarihin kalmar da Faransanci ya ba Ingilishi, shi kuma ya manta da ita

A cikin wannan ƴar maƙala za mu bi sawun kalma guda ta Ingilishi, wato foolhardy, wadda ake faɗa wa mutumin da ƙarfin halinsa ya wuce kima har ya koma ganganci. Mun ce Ingilishi, ba mu ce Turanci ba, saboda a nan ƙasar idan aka ce Turanci akwai waɗanda Faransanci suke ji.

Abin da ya jawo hankalinmu gare ta ƙaramin abu ne. A wani darasi na kwatanta harsuna mun rubuta wa ɗalibai kalmar a allo, muka ce su fasa ta. Kusan dukansu suka yanka ta gida uku: fool, wato wawa, da hard, wato mai tauri, da ɗafa-ƙeya -y, suka ce ai wannan Ingilishi ne tsantsa. Yankan ya yi kyau a ido, amma tarihi bai yarda da shi ba. Kalmar gida biyu ce, fol da hardi, kuma duka biyun a bakin masu Faransanci suka ƙetare ruwa suka shiga Ingila. Ɗaliban nan sun yi shekara goma sha biyar suna karatu da Faransanci, sun san fou, sun san hardi, amma ba su gane su ba da suka gan su cikin rigar aro. Ba laifinsu ba ne. Faransanci na yau ba shi da wannan harɗaɗɗiyar kalma, ya musanya ta da téméraire, kuma za mu ga cewa musanyar nan ta taɓa har sunan wani sarki.

1. Zuga-zugi

Rabin farko ya fito daga Latin follis. Ga Rumawa follis ba mutum ba ne, kaya ne na fata: zuga-zugin maƙeri, ko ƙwallon da aka hura, ko jakar kuɗi. Abin da ya haɗa su duka shi ne fatar da ke kumbura. A Latin na baya-baya aka soma jifan mutum da kalmar, mutumin da ya cika ya batse amma iska ce kawai a cikinsa. Daga nan tsohon Faransanci ya sami fol. Daga baya baƙin l ya narke ya zama wasali a gaban wani baƙin, aka sami fou, amma tsohuwar siga ba ta ɓace ba, tana nan cikin folle da folie, da kuma fol da ake sa wa a gaban wasali.

Ingilishi ya ari kalmar a wajejen shekarar 1200, lokacin l yana nan daram. Wasalinta dogon o ne, irin na ƙofa. Rubutun oo da ake gani yau shaidar wannan tsawon ne. A ƙarni na 15 da na 16 dogayen wasulan Ingilishi suka yi ƙaura gaba ɗaya, dogon o ya hau ya zama dogon u, rubutu kuwa ya tsaya inda yake. Shi ya sa ake rubuta fool ana faɗin ful.

Jakar kuɗin ma ta yi tata tafiyar. Sunan follis ya sauka daga kan jaka ya koma kan tsabar tagulla ta Rumawan Gabas, Larabawa suka karɓe shi ya zama fals, jam'insa fulus. Fulus ɗin da alhazai ke ji a kasuwannin Makka, da wawan Bafaranshe, kakansu ɗaya.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan hanya ta ma'ana ba. A wurinmu ma aikatau zuga yana aiki biyu: maƙeri yana zuga wuta, abokan banza kuma suna zuga yaro har ya faɗa rami. Sai dai mu yi hattara tun yanzu. Wannan kamanci ne na tunani, ba dangantaka ta jini ba. Babu wata igiya tsakanin follis da zuga-zugi sai ta maƙera, wadda kowace al'umma ta sani.

2. Tauri

Rabi na biyu ya fi ban sha'awa, domin shi ɗan gida ne da ya je yawo ya dawo da baƙuwar fuska. Hardi ba daga Latin yake ba. Ya fito daga bakin Farankawa, mutanen nan masu harshe dangin Jamusanci da suka mamaye arewacin ƙasar Gol, waɗanda sarkinsu Kulobis ya ci yaƙin Suwason a 486. Ba mu da aikatau ɗin nasu a rubuce. Masana sun sake gina shi a matsayin *hardjan, da tauraro a gabansa don a san ginawa aka yi, ma'anarsa taurara. Ginin yana da madogara: a cikin Littafi Mai Tsarki da aka fassara cikin harshen Gotawa a ƙarni na 4 akwai gahardjan da wannan ma'ana. Tsohon Faransanci ya mai da shi hardir, kuma hardi sifa ce da aka ciro daga gare shi, wanda aka taurara, kamar yadda muke ciro taurararre daga taurara. Aikatau hardir ya mutu, ya bar enhardir.

Duk wanda ya yi lakwal ya sha bulala ko tsawa a kan abin da ake kira h aspiré, amma da wuya a ce an gaya masa dalili. Ana cewa l'homme, l'heure, amma le hardi, la hache, la honte, la haine. Dalilin tarihi ne. H na Latin ya daina fita tun zamanin Rumawa, har kalmomin suka zama kamar da wasali suka fara. Farankawa suka zo da nasu h mai fita sosai, kamar na hannu da hanya, aka yi ƙarnuka ana furta shi. Yau shi ma ya yi shiru, amma gurbinsa yana nan, yana hana harafin gabansa mannewa. Ingilishi kuwa ya ari hardi lokacin da h ɗin ke da rai, kuma har yanzu ana jin sa a hardy, alhali a hour da heir da honour, masu asalin Latin, ba a jin komai.

To shi Ingilishi yana da tasa hard tun fil azal, daga saiwa guda da ta Farankawa. Ke nan hard da hardy ƴan uwa ne, ɗaya ya zauna gida, ɗaya ya yi ƙarnuka a Faransa. Da suka sake haɗuwa sai na gida ya rinjayi baƙon. A Ingilishin yau hardy ya fi nufin mai jure wahala, har tsiron da sanyin hunturu ba ya kashewa ana ce masa haka, alhali hardi na Faransanci yana nan a kan rashin tsoro. Mai fassara ya kula da wannan. Tsohuwar ma'anar ta fi tsira a cikin foolhardy, kamar ƙwaryar da aka rufe cikin rumbu.

Akwai wani abin dariya a nan. Kalmar hard ta Jamusawan da tana yawan zuwa a ƙarshen sunaye, Richard, Bernard, Gérard. Daga sunayen nan Faransanci ya ciro ɗafa-ƙeya -ard, ya riƙa liƙa ta don zagi: bavard, vantard. Da aka liƙa ta ga tsohuwar kalmar wutsiya, coe, aka sami couard, matsoraci, wanda Ingilishi ya ara a ƙarni na 13 ya zama coward. Ashe saiwar tauri tana cikin mai ganganci, tana kuma cikin matsoraci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba.

Cewa tauri ya zama hoton rashin tsoro, mu ma mun san shi: ƴan tauri, taurin rai, taurin kai. Shi ma kamanci ne kawai.

3. Mace a bakin taga

Me ya kai kalmomin Ingila sananne ne. A ranar 14 ga Oktoba 1066 Giyom na Normandi ya ci yaƙin Hastings, kuma daga nan fada, da kotu, da manyan coci suka koma hannun masu Faransanci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa ambaliyar kalmomin aro ba ta zo nan take ba. Ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 13 da na 14, bayan sarkin Ingila ya rasa Normandi a 1204, lokacin da jikokin masu mulki suka soma komawa Ingilishi suna shigowa da kayan tsohon gidansu.

Kada kuma a ɗauka rashi ne ya sa aka ara. Tsohon Ingilishi yana da nasa kalmomin wannan hali. Yana da dol, wawa, ɗan uwan toll na Jamusanci, kuma a waƙar Beowulf an haɗa shi da kalmar cika baki don zargin jarumin da ya yi gasar iyo a teku ba gaira ba dalili. Yana da ofermod, zuciyar da ta wuce iyaka, wadda mawaƙi ya jingina ga Byrhtnoth, shugaban mayaƙan Essex, da ya bar maharan Bikin suka ƙetaro mashigi a Maldon a 991 ya kuwa mutu a wurin. Jamusanci ya bi wannan hanya ta gida, ya haɗa toll da kühn ya sami tollkühn, ginin da ya yi daidai da fol hardi gaɓa da gaɓa. Ingilishi yana da duk kayan da zai yi haka, bai yi ba. Ya ɗauki na masu mulki. Wanda ya taɓa jin ma'aikaci a Yamai yana cusa kalmar Faransanci inda Hausa take da guda uku, ya san wannan ciwo.

Mafi tsufan wurin da ƙamusoshin tarihi suka tsinci kalmar a Ingilishi shi ne wani littafi mai suna Ancrene Wisse, wanda aka rubuta a yammacin Ingila a wajejen 1225. Ba a san sunan marubucin ba. Malamin coci ne, ya rubuta shi don wasu ƴan'uwa mata uku, ƴaƴan manya, da suka zaɓi halwa ta har abada. Irin waɗannan mata akan rufe su cikin ɗaki a jikin coci, ba sa fita har mutuwa, duniyarsu duka ta taga take shigowa. Kada mai karatu ya haɗa wannan da kullen aure, ba shi ba ne.

A babin da ya yi magana kan tsare gaɓoɓin ji, ya fara da ido. Ya kwatanta sha'awa da maharin da ke harbi daga nesa, kibansa kuwa kallo ne. Sai ya yi tambaya: macen da ta miƙo kanta ta ɓular ganuwa alhali ana yi wa birnin ruwan kibau, ba wawuya ba ce, ba mai ganganci ba ce? A nan ya sa kalmarmu. Ya kuma bayyana cewa ɓular ganuwar ita ce tagar ɗakinta.

Abubuwa biyu muke so a lura da su. Na farko, kayan yaƙin da ke cikin hoton duka na Faransanci ne, sunan birnin, da na ɓular ganuwa, da na kibiya, da aikatau na kai hari. Marubucin yana wa'azi da Ingilishi, amma yaƙin da ya sani da Faransanci ake yin sa. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurinmu, mutumin farko da Ingilishi ya kira foolhardy a rubuce ba barde ba ne a kan doki. Mace ce mai leƙen taga. Kalmar ta shigo ne ta bakin mai wa'azi, ba ta bakin maroƙi ba.

Bayan kusan shekara ɗari da hamsin, abin bai sauya ba a wurin Chaucer, wanda ya rasu a 1400. A cikin labarin Barde ya zana ɗakunan bauta na allolin Girkawa, na yaƙi da ta soyayya, da siffofin da ke jikin bangonsu. Mutum zai zaci a ɗakin yaƙi zai sami Ganganci. A'a, a ɗakin Benus ta soyayya yake, tare da Fata da Sha'awa. Chaucer ya ɗauko hoton ne daga Teseida ta Boccaccio, inda siffar take da suna folle Ardire, kuma ardire na Italiyanci daga waccan *hardjan ɗin yake. Harsuna uku, gini ɗaya.

4. Fol a matsayin ma'auni

Foolhardy ba ita kaɗai ta shigo ba. Tana da ƴar uwa, fool-large, daga fol large, mai kyautar da ta wuce hankali, wato almubazzari, kuma Chaucer ya yi amfani da sunan da aka ciro daga gare ta cikin wa'azin da ya rufe labaran Kantabari da shi. Akwai kuma fool-hasty, mai garaje. Wannan jeri ya warware mana nahawun kalmar. Fol a nan ba suna ba ne, sifa ce da ke aiki kamar ɗafa-goshi. Ba ana cewa wawa ne kuma jarumi ba ne. Ana cewa ga halin kirki, jarumtaka ko kyauta, da aka zuba har ya malala. Ƴan uwan sun mutu, foolhardy kaɗai ta rage, shi ya sa ɗalibanmu ba su ga tsarin ba.

Tunanin da ke ƙarƙashin tsarin tsoho ne. Aristo, a littafinsa na ɗabi'u, ya ajiye kowane halin kirki tsakanin gazawa da wuce iyaka: jarumtaka tsakanin ragwanta da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. Malamanmu na zaure sun san wannan ma'auni ta hanyar Larabci, domin Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sun sa shaja'a tsakanin jubn da tahawwur. A Turai cikakkiyar fassarar littafin zuwa Latin ta Robert Grosseteste ce, bishop na Linkon, a wajejen 1246, Nicole Oresme kuma ya mai da shi Faransanci a 1370.

Ba za mu ce Aristo ya haifi fol hardi ba. Mayaƙa ba su jira shi ba. Waƙar Rolan, wadda aka tsara a wajejen 1100, kuma mafi tsufan kwafinta a Oksfod yake cikin Faransancin Ingila, a kan wannan gardama ta tsaya. Rolan ya ƙi busa ƙaho ya nemi taimako don kada a ce ya ji tsoro, rundunarsa ta ƙare, abokinsa Olibiye ya gaya masa cewa jarumtaka mai hankali daban take da hauka, kuma sanin kima ya fi taurin kai. Abin da za mu iya cewa shi ne mai wa'azi da malamin falsafa sun tarar da maganar a bakin mutane, suka ba ta gurbi cikin jadawalinsu.

5. Yadda hardi ya zama téméraire

Faransanci bai riƙe fol hardi ba. A ƙarni na 14, zamanin manyan fassarori daga Latin, malamai suka shigo da téméraire da témérité kai tsaye daga littafi, kalmar malamai ta ture ta kasuwa. Tushensu temere ne, wanda a Latin ke nufin yin abu a makance, bisa ka-cici-ka-cici. Masana suna haɗa shi da tenebrae, duhu, da tamas na Sanskirit mai wannan ma'ana. Hoton ya sauya ke nan. Fol hardi kumburarre ne mai tauri, téméraire mai tafiya ne cikin duhu ba fitila. Ingilishi ya ari temerity ita ma, tsakanin ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15, amma bai yar da tsohuwar ba.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne gidan sarautar Burgoni. A ranar 19 ga Satumba 1356, a Puwatiye, Ingilawa suka karya rundunar Faransa. Ƙaramin ɗan sarki Jan na 2, mai suna Filip, yana da shekara 14. Yayyensa an janye su daga fagen, shi ya tsaya gefen ubansa har aka kama su tare. Daga nan ya sami laƙabin le Hardi, uban kuma ya ba shi ƙasar Burgoni a 1363. Ɗansa shi ne Jan sans Peur, marar tsoro, wanda aka kashe a kan gadar Montero a 1419. Jikansa Filip le Bon. Tattaɓa-kunnensa kuwa Sharl, wanda ya hau a 1467.

Sharl ya gaji ƙasa mai arziki ƙwarai amma a rabe, wani yanki a Burgoni, wani a Fulanda da Holan. Ya so ya ɗinke su ya zama sarki mai cin gashin kansa, sarki Luwi na 11 na Faransa kuwa yana ta ƙulla masa tarko. Ya ɓata kusan shekara guda yana kewaye da garin Nois daga 1474 zuwa 1475 bai ci shi ba. Mutanen Suwis suka kore shi a Granson ranar 2 ga Maris 1476, suka ragargaza rundunarsa a Mora ranar 22 ga Yuni. Maimakon ya ja da baya ya huta, sai ya je ya kewaye Nansi cikin tsakiyar hunturu da ragowar mutanen da sanyi da yunwa suka cinye. Ranar 5 ga Janairu 1477 aka kashe shi. Sai bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa tsirara a bakin wani tafki da ya daskare, da ƙyar aka gane ta. Luwi ya ƙwace Burgoni, ƴarsa Mari ta auri Maksimiliyan na gidan Habsbur a wannan shekarar, ragowar ƙasar ta bi ta can.

Duk ɗan lakwal a ƙasar nan ya san shi da Charles le Téméraire. Amma mutanen zamaninsa ba haka suke kiransa ba. Suna ce masa le Hardi, kamar kakan ubansa, ko le Travaillant, marar hutu. Téméraire laƙabi ne na bayan mutuwa, kuma sai a ƙarni na 19 ya zauna sosai, lokacin da ake rubuta tarihin Faransa a matsayin labarin ƙasa guda da sarakunanta suka haɗa. A cikin wannan labari Luwi ne mai gini, Sharl mai ɓarna.

Za a iya cewa sakamako ne ya raba laƙabin biyu, wanda ya ci jarumi, wanda ya faɗi mai ganganci. Amma Puwatiye ma faɗuwa ce, kuma yaron a kame ya ƙare. A ganinmu bambancin yana wurare biyu. Yaron ransa kawai ya sa a caca, Sharl ya sa ƙasa da rayukan dubbai. Sannan yaron a gefen sarkin Faransa ya tsaya, Sharl a gabansa ya tsaya, masu rubuta littattafan lakwal kuwa magadan sarkin ne.

Waɗanda ba su da wannan gaba ba su bi laƙabin ba. Jamusawa suna cewa Karl der Kühne, ba su ƙara toll ba ko da yake suna da shi. Holandawa suna cewa Karel de Stoute da tsohuwar ma'anar stout, marar tsoro. Ingilawa kuma, waɗanda suka adana foolhardy shekara 800, kalmar da kamar don shi aka ƙera ta, ba su ba shi ita ba. Charles the Bold suke cewa, da laƙabi ɗaya da na Filip, ko da yake jefi-jefi wani marubuci yakan ce the Rash. Mu tuna cewa Sharl surukinsu ne, ya auri Margaret ta York, ƙanwar sarki Edwad na 4, a 1468. Ko wannan ne dalili, ko kuwa tsohon le Hardi suka fassara suka tsaya a kansa, duka biyun suna iya haɗuwa.

Ita kanta téméraire ba kullum take zargi ba. Faransawa sun sa wa jiragen yaƙinsu wannan suna. Ingilawa suka kama ɗaya a 1759 a gaɓar Lagos, ta Fotugal ba ta Najeriya ba, suka riƙe sunan, suka sa wa wani jirgin nasu da ya yi faɗa a Tarafalga a 1805. Shi ne Turner ya zana ana jansa zuwa inda za a wargaza shi, zanen da aka nuna a 1839. Babu mai sa wa jirginsa suna don ya zage shi.

6. Da Hausa fa?

Mai ƙamus ko mai fassara dole ya yanke shawara. Foolhardy ba ta ba da wahala: mai ganganci. Kasada ta yi kusa, amma ɗan kasada yakan san abin da ya sa a caca, har a yaba masa, shi kuwa mai ganganci bai auna ba. Wauta ta yi faɗi da yawa, ta ɗauki fol ta bar hardi.

Tarkon yana ga temerity. A Faransanci témérité ganganci ne har yau. A Ingilishin yau kuwa temerity ta fi zuwa inda ƙarami ya yi wa babba abin da bai kamata ba, ya musa masa, ya tambaye shi dalili. Wannan ba ganganci ba ne, tsaurin ido ne. Haɗarin da ke ciki ba na mutuwa ba ne, na kunya ne, kuma Bahaushe ya raba su tun da ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Wanda ya koyi Ingilishi ta kan Faransanci, kamar yawancinmu, yakan faɗa wannan rami.

Saura sarkin Burgoni. Idan aka zo rubuta tarihin Turai da Hausa don makarantunmu, wanda ya rubuta Sharl Mai Ganganci ya bi hukuncin marubutan Faransa na ƙarni na 19, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ya rubuta Sharl Jarumi ya bi fadawansa, kuma ya rikita shi da Filip. Hausa tana da abin da Faransanci da Ingilishi ba su da shi a nan, magana guda mai fuska biyu. Ana ce wa majinyaci ko wanda aka yi wa rasuwa ya yi ƙarfin hali, wannan yabo ne. Ana kuma cewa ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Shawararmu ita ce a kira yaron Puwatiye Filip Jarumi, a kira mutumin Nansi Sharl Mai Ƙarfin Hali, sannan a ƙasan shafi a gaya wa ɗalibi cewa a littattafan Faransanci zai same shi da sunan le Téméraire.